Yawon Buɗe Ido da Abin da Aka Tsara Kada Mu Gani

Bahaushe ya raɗa wa tafiyar shaƙatawa suna yawon buɗe ido. Shekara da shekaru ina faɗin kalmar ban taɓa juya ta na duba cikinta ba, sai bayan da ni da maiɗakina muka yi kwana goma sha biyu a ƙasar Maroko, bayan ƙaramar sallar 2024. Shekara biyu muka yi muna tara kuɗin tafiyar. Mu goma sha takwas ne, ma'aurata tara daga Kano da Kaduna da Abuja, a motar safa ɗaya da ɗan jagora ɗaya. Takardar tsarin tafiyar da aka turo mana a waya ta jera komai: Kasabulanka, Marakesh, ƙauyukan duwatsun Atlas, bakin tekun Essawira, Fas, Shafshawan, sannan Tanja. An rubuta ƙarfe nawa za a tashi, ina za a ci abinci, ina za a tsaya ɗaukar hoto. Na dawo da hotuna sama da dubu, da kuma tambayar da har yau ban gama amsa ta ba: shin ya dace mutum ya biya kuɗi ya je ya ji daɗi a inda wasu ke cikin ƙunci? Idan kuma ya je, me ke wuyansa?

Sana'ata haɗa manhaja ce. Abu na farko da aka koya mana a jami'a, wanda kuma kullum nake yi a wurin aiki, shi ne ɓoye sarƙaƙiya. Mai tura kuɗi ta waya maɓalli ɗaya yake gani. Ya danna, a ce masa kuɗi sun tafi. Bai ga layukan umarni dubbai da ke bayan maɓallin ba, bai ga kwamfutocin da ke ta magana da juna ba, bai ga wanda ya kwana ido biyu yana gyaran abin da ya lalace ba. Idan ya ga waɗannan, to mu ne muka gaza. Ana biyan mu ne don kada ya gani. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin laifi ba, kuma har yanzu ban ɗauka ba. Amma a kwana na huɗu na tafiyarmu na gane cewa takardar da ke wayata ita ma irin wannan aikin ce, kuma a wannan karon ni ne mai danna maɓallin.

Ranar muka tashi daga Marakesh zuwa Imlil, ƙauyen da ke gindin dutsen Tubkal, wanda tsayinsa ya kai mita 4,167, kuma babu dutsen da ya fi shi tsawo a Arewacin Afirka. Hanyar tana bi ta lardin Al Hauz. A daren 8 ga Satumba 2023, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.8 ta afka wa wannan yanki, ta kashe mutum kusan dubu uku, yawancinsu a ƙauyukan kan duwatsu inda gidajen ƙasa da na dutse suka rufta a kan mutane suna barci. Har tsohon masallacin Tinmal, wanda aka gina tun ƙarni na 12, bai tsira ba. Wata bakwai da ɗoriya ke nan a lokacin da muka bi hanyar. Kafin mu kai Asni muka fara ganin tantuna a gefen titi, an shanya wanki a tsakaninsu, yara na wasa a kan tarin ɓaraguzan da a da gidajensu ne. Direba bai rage gudu ba. Ɗan jagora ya ɗauki makirufo ya ce mu duba hannun hagu, ga ragowar dusar ƙanƙara a kan tsaunuka. Duk muka duba hagu. Tantunan suna dama.

A Imlil aka shimfiɗa mana dardumai a saman bene, aka kawo shayin na'a-na'a da tajin, wato naman da ake dafawa da kayan lambu a kaskon ƙasa mai dogon murfi. Ƙasa da mu lambunan tuffa ne da ruwa mai gudu, ga alfadarai na hawa da kaya. Wuri ne mai kyau ƙwarai, ba zan rage masa komai ba. Maiɗakina ta ci loma biyu ta janye hannu. Na tambaye ta ko lafiya. Ta ce, “Abban yara, kuɗin da muka kashe a tafiyar nan da an ba wa iyali ɗaya daga cikin waɗancan, da sun ɗaga ɗaki. Mu kuma mun zo muna kallon dutsensu.”

Wani Alhaji ɗan kasuwa da ke kusa da mu, dattijon ayarin, ya ji ta. Ya ce, “Hajiya, ci abincinki. Zuwanmu shi ne taimakon. Da kowa ya ce ba zai zo ba don tausayi, mai gidan nan da me zai ciyar da iyalinsa?”

Waɗannan maganganu biyu su ne na kwana ina juyawa, domin kowace tana da gaskiyarta.

Maganar Alhaji ba ta son zuciya ba ce kawai. Masu yawon buɗe ido miliyan 14.5 ne suka shiga Maroko a 2023, suka haura miliyan 17 a 2024, kuma a kwari irin na Imlil baƙi su ne kasuwa: masu alfadari, masu jagoranci zuwa kan dutse, masu masauki, mata masu saƙar darduma. Gwamnatin ƙasar ta yi alkawarin dirhami 140,000 ga wanda gidansa ya rushe baki ɗaya, 80,000 ga wanda nasa ya lalace, da 2,500 duk wata na tsawon shekara. Amma tallafi yana da ranar ƙarewa, sana'a kuwa ita ake ci har gobe. Mutumin da girgizar ƙasa ta cinye wa gida, in baƙi suka ƙaurace masa don jin nauyi, an yi masa asara biyu. Tausayin da zai sa ka zauna a gida, kai ne yake yi wa amfani: zuciyarka ta huta, shi kuwa tukunyarsa ba ta hau wuta ba.

Sai dai akwai inda maganar ta Alhaji ta yi rauni. Ta ɗauka cewa kuɗin da muka biya yana isa inda muke zato. Ni da na saba bin diddigin inda saƙo ya bi daga waya zuwa waya, sai na yi lissafin namu. Kaso mafi tsoka ya tafi ga tikitin jirgi. Na biye da shi ya tafi ga manyan otal na birane da kamfanin da ya shirya tafiyar. Abin da muka bari a Imlil kuɗin abincin rana ne da ɗan abin da aka saya na tsaraba, wanda shi ma sai da muka yi ta ciniki har mai kayan ya sallama a kan rabin farashi, muna dariya muna cewa ai Bakano ba a cutarsa. Mutanen tantuna kuwa ko sisinmu bai taɓa hannunsu ba. To idan na ce zuwana taimako ne, gaskiya na faɗa, amma 'yar ƙarama ce, kuma na lulluɓe babban abu da ita.

Maganar maiɗakina kuma tsohuwa ce a falsafa. A 1972 wani masani ɗan Ostareliya, Peter Singer, ya kawo misalin wanda ke wucewa ya ga yaro na nutsewa a kududdufi. Kowa ya yarda dole ya shiga ya ceto shi, ko da tufafinsa za su ɓaci. Sai Singer ya ce nisa ba ya canza hukuncin: in kuɗin da za ka kashe a abin marmari zai iya ceton wani a wata ƙasa, barinsa ya halaka daidai yake da wuce yaron nan. Hujja ce mai wuyar karyawa. Amma in aka bi ta har ƙarshe, ba tafiyar Maroko kaɗai za ta haramta ba. Za ta haramta sabuwar waya, da ɗinkin sallah na biyu, da naman suya na daren Juma'a. Kuma ba sai mun hau jirgi za mu ga mai bukata ba. Daga ƙofar gidanmu zuwa filin jirgi mun wuce almajirai da ba su karya kumallo ba, ba mu janye hannu daga abinci ba. Na faɗa wa maiɗakina haka a daren. Ta yi shiru, sannan ta ce, “To wannan ai ƙarin laifi ka lissafa mana, ba wanke mu ka yi ba.” Ban sami amsa ba.

Abin da na iya fahimta shi ne, ɗan Adam ba zai iya ɗaukar ciwon duniya duka a ƙirjinsa ba. Adam Smith, masanin nan ɗan Sukotland na ƙarni na 18, ya taɓa misaltawa da cewa mutumin Turai zai ji labarin girgizar ƙasa ta haɗiye ƙasar Sin, ya yi jimami, ya kwanta ya yi barci, amma in aka ce gobe za a yanke masa ɗan ƙaramin yatsa ba zai runtsa ba. Haka aka halicce mu, kuma akwai rahama a ciki, don in ba haka ba babu mai iya tashi ya nemi na abinci. Saboda haka ban yarda cewa jin daɗi shi kansa zunubi ne don wani na kuka a wani wuri ba. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Tantunan ba a ƙasar Sin suke ba. Taku ashirin ne tsakaninsu da tagar motarmu, kuma an juyar da kanmu da gangan, mu ma muka yarda aka juyar. Rashin sani uzuri ne. Rashin sanin da ka biya kuɗi aka tsara maka, ban ga yadda zai zama uzuri ba.

Daga duwatsu muka gangara Essawira, garin da ke bakin Tekun Atlantika, wanda Sarki Sidi Muhammad bin Abdullahi ya gina a shekarun 1760. Kayan da ayarin raƙuma ke kawowa daga Tumbuktu a nan ake loda su a jiragen Turai. Iska ba ta tsayawa a garin, ga jiragen masunta shuɗɗa a jere, ga kifi ana gasawa a gabanka. Da dare aka kawo mana makaɗan Ganawa, masu molo mai tsirkiya uku da ƙarafan da ake kaɗawa a hannu. Su jikokin bayin da aka ƙetaro da su Sahara ne, kuma a cikin waƙoƙinsu ana ambaton Bambara da Fulani da Hausawa. Hukumar UNESCO ta sa kiɗan nasu cikin kayan gadon duniya a 2019. Mun yi tafi, mun yi musu liƙi kamar a gidan biki. Sai da muka koma ɗaki na tuna cewa abin da muka yi wa tafi kukan mutanen da aka raba da gida ne, wataƙila wasunsu daga garuruwanmu. Ban ji cewa mun yi laifi da muka saurara ba, su ma sana'arsu suke yi da alfahari. Na dai lura cewa takardar tafiyar ta kira abin “nishaɗin dare”, ba ta ƙara ko kalma ba.

Shafshawan, wanda aka kafa a 1471 a cikin duwatsun Rif, gari ne da aka shafe bangayensa da shuɗin fenti, kuma kamar don hoto aka yi shi. A wani lungu na ga mata uku na ayarinmu sun jeru a ƙofar wani gida suna gyara mayafi, wata tsohuwa na tsaye da ledar burodi tana jiran su gama ta shiga gidanta. Ba ta ce komai ba. Na tuna yadda muke ji in Bature ya ɗaga kyamara a Kasuwar Kurmi ko a marinar Ƙofar Mata ba tare da ya yi sallama ba. A ƙasar wasu, mu ne Baturen.

A Tanja ne abin ya zo mini har gida. Garin yana kan mashigin Jibralta, wanda a inda ya fi matsewa faɗinsa kilomita 14 ne kacal. Ranar da gari ya waye tas, kana ganin duwatsun Sifaniya da idonka. A nan aka haifi Ibn Battuta a 1304, matafiyin da ya kai har Takedda a ƙasar Nijar ta yau, ya kuma ambaci Gobir a labarin tafiyarsa. Yau hanyar ta juya. Samari ne ke tasowa daga kudu, su bi ta Agadas da Tamanrasset, su tsallaka iyakar Aljeriya da Maroko wadda ke rufe tun 1994, su zo su zauna suna jiran kwale-kwalen roba ko ranar da za a yi wa shingen Sabta ko Melilla rubdugu. A ranar 24 ga Yuni 2022, aƙalla mutum 23 ne suka mutu a shingen Melilla, bisa ƙidayar hukuma.

Muna zaune a bakin teku da yamma, ni da maiɗakina muna hira, sai wani saurayi mai tallar takardar goge hannu ya tsaya cak. Ya ce, “Yaya, Hausa na ji kuna yi?” Ba zai wuce shekara ashirin da biyu ba. Muka gaisa, maiɗakina ta ce ya zauna, ta miƙa masa abin da muke ci. Ya ce shekararsa biyu da barin gida, sau biyu yana gwada ƙetarawa ana dawo da shi. Na sa hannu a aljihu, ina tsammanin abin da zai roƙa ke nan. Ya karɓa ya yi godiya, amma ya ce akwai abin da ya fi so. Yana so in ara masa rigar sanyin da ke jikina, in ɗauke shi hoto a gaban otal ɗinmu da wayata mai kyau, in tura masa, ya aika wa mahaifiyarsa. Ya ce, “Inna tana da hawan jini, Yaya. Na gaya mata ina aiki a otal.”

Na cire rigar na ba shi. Ya tsaya a gaban ƙofar gilashi ya yi murmushi, na ɗauka sau huɗu, ya zaɓi ɗaya. Hoton ya yi kyau.

A ɗaki maiɗakina ta ce mini, “Ka san yana da ƙanne?” Na ce ban tambaya ba. Ta ce, “Ni na tambaya. Uku ne, maza. Hoton nan ba Inna kaɗai za ta gani ba.”

Nan na gane cewa aikin da nake yi a ofis na yi masa. Na gina masa fuska mai kyau, na ɓoye abin da ke baya. Da farko na kare kaina da cewa ɓoyewa iri biyu ce. Shi ciwonsa yake ɓoyewa don ya hutar da mahaifiyarsa, mu kuwa a hanyar Asni ciwon wasu aka ɓoye mana don mu huta. Har yanzu ina ganin bambancin na gaskiya ne, kuma ba zan iya kallon idon yaron in ce masa a'a ba ko da yau aka sake. Amma maiɗakina ta nuna mini cewa kyakkyawar niyya ba ta hana hoto yin aikinsa. Yaro ɗan shekara sha bakwai zai ga yayansa cikin riga mai tsada a gaban ginin gilashi, ya fara tambayar kuɗin mota zuwa Agadas. Daga nan kuma tambayar ta dawo kanmu. Kwana goma sha ɗaya muna ɗora hotuna a WhatsApp: shuɗin bango, dusar ƙanƙara, faɗuwar rana a teku. Ƙannenmu da yaran unguwa suna kallo. Babu tanti ko ɗaya a ciki. Mu ma mun gaya musu cewa waje duk daɗi ne, ba tare da mun furta ƙarya ko ɗaya ba.

A fiƙihun da muka koya a islamiyya, matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin mutum takwas da ake ba wa zakka, ko da a garinsu mai hali ne. Mu biyu muka haɗu a bakin tekun nan, dukanmu nesa da gida, dukanmu da harshe ɗaya. Abin da ya raba mu biza ce da tikitin komawa. Ban yi wani abu da na cancanci nawa ba wanda shi ya kasa yi. Mahaifina ya iya biya mini makaranta, nasa ya rasu da wuri, iyakar labarin ke nan. Wanda ya san haka ba zai yi wa kansa kirari da cewa zuwansa taimako ne ba, kuma ba zai tsaya a jin kunya ba, don kunya ba ta ɗaga wa kowa ɗaki.

To me ke wuyan mai yawon buɗe ido? Ga iya abin da na kai gare shi, kuma ba na cewa ya isa. Ya je, don zama a gida ba ya ciyar da mai alfadari. Amma ya karanta labarin wurin kafin ya tashi, domin kada ɗan jagora ya zama shi kaɗai ne idonsa. In an ce duba hagu, ya duba dama ma. Ya kwana a masaukin 'yan gari in da hali, ya bar cinikin ƙeta da wanda ribarsa ba ta kai kuɗin shayinsa ba. Ya yi sallama kafin ya ɗaga waya a ƙofar mutane. Ya ware wani abu daga kuɗin tafiyar tun a gida, ya san hannun da zai sa shi. In ya dawo kuma, ya ba da labarin duka, har da ɓangaren da ba ya kyau a hoto. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya amsa hujjar Singer. Bashin yana nan. Amma wanda ya san ana bin sa bashi ya fi kusa da biya a kan wanda ya yaga takardar.

Washegari kafin motarmu ta tashi zuwa filin jirgi, muka nemi saurayin a inda muka bar shi. Na bar masa rigar. Maiɗakina ta gaya masa cewa Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya tana da ofis a Rabat, kuma tana taimaka wa masu son komawa gida da kansu. Ya saurara da ladabi, ya ce, “Anti, in koma da me? An sayar da gona aka ba ni kuɗin hanya.” Ta roƙe shi ko da ƙannensa ne ya gaya musu gaskiya. Ya ce zai yi. Alhaji, wanda ya biyo mu ba mu sani ba, ya ciro kuɗi masu kauri ya danƙa masa, ya juya da sauri ya hau mota, bai ƙara magana ba har muka isa.

Mun ci gaba da gaisawa da yaron har wata uku bayan dawowarmu. Saƙon ƙarshe da na tura masa yana nan da alama ɗaya a gefensa. Na san abin da alama ɗaya ke nufi, aikina ne: saƙon ya bar wayata, ya isa rumbun kamfanin, bai shiga tasa ba. Wataƙila an sace wayar, ko an ƙwace ta, ko ya canza layi don ya ƙetara lafiya, ko ruwa ya shige ta. Manhajar ba ta faɗin wanne ne, an gina ta ne kada ta faɗa. Maiɗakina takan karɓi wayata lokaci zuwa lokaci ta buɗe wurin, ta duba, ta miƙo mini.